Babi na Shida: Sunan Attajiri da Sunan Mai Sana'a

In ka bar birnin Kano ka nufi arewa, ko ta hanyar Katsina ka ratsa Dawanau da Bichi, ko ta hanyar Daura ka bi ta Ɗambatta, da wuya idonka ya sauka a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Gona na jingine da gona, gamba ko lalle ne kawai ke raba su, ga ɗorawa da gawo da kuka a tsattsaye a tsakani, ga gidaje a warwatse har iyakar gani. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda wannan yanki ke ɗauke da jama'a masu yawa haka ba tare da ƙasar ta mutu ba. Amsar da ya samu manoman sun riga shi saninta. Ba a barin gona ta huta, don babu inda za a koma, sai dai a ciyar da ita kowace shekara da takin dabbobi da toka da juji, har da wanda a da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna.

Gonar da ba ta da faɗi ba ta riƙe gida ita kaɗai. Shi ya sa kusan kowane magidanci a nan yake da wata sana'a ta rani, kuɗi kuma suna shigowa ne kaɗan-kaɗan, haka kuma suke fita. Cefanen yau na yau ne: sukari na shayin safe, magi na miyar dare, sabulu sala ɗaya. Manyan sayayya ba su wuce biyu ko uku a shekara ba, wato takin zamani in damina ta kawo kai, siminti ko kwanon rufi in an sayar da amfani, wani lokaci babur. Duk wanda ke son ya gane yadda mutumin karkara yake ɗaukar sunan kaya, to ya raba waɗannan sayayya gida biyu, domin ba da ido ɗaya ake kallonsu ba.

A kantin ƙauye akwai sunan da za ka gani a jikin ledar gishiri, ka sake ganinsa a buhun sukari, ka tsallaka titi ka same shi a buhun siminti, ka leƙa shagon mai taki ka tarar da shi a can ma, da mikiyarsa a sama. Ɗora tsohon suna a kan sabon kaya dabara ce da kamfanoni suka daɗe suna yi, dalilinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Sanar da mutane sabon suna yana cin kuɗi da shekaru, alhali wanda aka riga aka sani yana shiga gida ba sallama mai tsawo. Haɗarin shi ne in sabon kayan ya ba da kunya, kunyar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba.

A 1990 wasu malamai biyu a Amurka, David Aaker da Kevin Lane Keller, suka wallafa binciken da har yau ake koyar da shi a darasin kasuwanci. Sun gabatar wa ɗaliban jami'a wasu kayayyaki na ƙirƙira ɗauke da sanannun sunaye, suka tambaye su ra'ayinsu. Abin da ya fito shi ne mai saye yana duba abu biyu: shin tsohon kayan yana da inganci, sannan shin sabon ya dace da tsohon. Da aka ce musu ga cingam mai sunan man goge baki na Crest, wasu suka ce ai ɗanɗanon man ne zai biyo shi. Da aka ce kamfanin abinci na McDonald's zai fara wanke hotuna, suka ga babu abin da ya haɗa kifi da kaska. Kasuwa ma ta ba da nata misalin. Kamfanin Bic na Faransa, mai biron da kowane ɗan makaranta ya sani, ya ci riba da ya sa sunansa a reza da abin kunna wuta, don duk kaya ne masu araha da ake amfani da su a yar. Da ya fito da turare a ƙarshen shekarun 1980, cikin 'yan shekaru ya janye shi. Babu mai son a ce ƙamshin jikinsa na masu biro ne.

To, in da wannan ma'auni ne kaɗai, da sunan Dangote bai kai ko'ina ba. Me ya haɗa gishirin miya da simintin gini? Me ya haɗa sukari da yuriya? Amma ban taɓa jin manomi a Makoɗa ko Kunchi ya ɗaga buhun taki yana mamakin yadda mai gishiri ya iya yin sa ba. A ganina dalili shi ne Bahaushe ya daɗe da sanin suna iri biyu a kasuwa, kuma ba abu ɗaya yake nema a wurinsu ba.

Na farko sunan mai sana'a ne. Wannan a hannu yake, galibi kuma gado ne. Maƙeri an san shi da garma da lauje, mahauci da nama, masaƙan Minjibir da saƙarsu, marinan Kura da baƙin da Buzaye ke tahowa nema tun daga Agadas. Sunan yana da ƙarfi, amma gajeriyar igiya gare shi. Maƙerin da garmarsa ba ta lanƙwasa zai iya ƙara gatari da magirbi, kowa ya saya ba tambaya. Ranar da ya kafa tukubar tsire kuwa, dariya za a yi. A cikin gidaje ma haka abin yake. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da kuma Ɗorayi, ta rubuta a kan wannan babbar kasuwa da ba a gani, ta matan kulle da ke ciniki daga ɗakunansu ta hannun yara 'yan talla. Matar da aka sani da man gyaɗa mai tsabta, in ta fara ƙuli-ƙuli ko tunkuza ba ta bukatar ta gaya wa kowa, gyaɗar ɗaya ce, hannun ɗaya ne. In ta ƙara da ƙosai ma za a gwada, don an san man da za ta soya shi da shi. Amma ta kuskura ta fara sayar da kananzir a ɗakin nan, to masu sayen man za su fara shinshina kwalba. Wannan shi ne dacewar da su Aaker suka auna, matan Bichi kuma ba su jira 1990 ba kafin su san ta.

Na biyu sunan attajiri ne, shi kuwa ba a hannu yake ba, a amana da ƙarfin jari yake. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro daga Gwanja ya yi suna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, ya juya can ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Babu wanda ya ce masa ai kai ɗan goro ne. Falke ba ya yin kaya, kawo kaya yake yi. Abin da ake nema a wurinsa shi ne awonsa ya cika, alkawarinsa ya tabbata, kuma in an dawo gobe a same shi a inda aka bar shi. Mai irin wannan suna ko me ya ɗauko za a saurare shi.

Aliko Dangote, wanda ta wajen uwa daga gidan Ɗantata ya fito, ya fara ne a 1977 a matsayin ɗan kasuwa mai sarin kaya, shinkafa da sukari da siminti. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya koma kafa masana'antu. Ke nan tun kafin sunan ya hau buhu, mutane sun san shi a matsayin sunan mai kawo kaya iri-iri. Da matatar sukari ta Apapa ta zo, da simintin Obajana ya zo, da aka buɗe kamfanin yuriya na Lekki a 2022 mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, duk a kunnen mutumin Kano labari ɗaya ne: Alhaji ya ƙara wata harka. Haka BUA ta Abdussamad Isyaka Rabi'u, wadda aka kafa a 1988, take sayar da sukari da siminti da suna ɗaya. Ba mu kaɗai ba ne. A Indiya sunan Tata yana kan gishiri da ganyen shayi da ƙarfe da manyan motoci. A ƙasar da mai saye ba shi da tabbacin hukuma za ta bi masa hakkinsa in an cuce shi, sunan gidan da ya fi ƙarfin ya gudu shi ne lamuninsa.

Sai dai ka lura da irin kayan da sunan attajiri ya yi nasara a kansu. Gishiri, sukari, siminti, yuriya: duk abubuwa ne da ba su da wani sirrin hannu. Gishiri gishiri ne. Tambayar kawai ita ce ko buhun ya cika, ko an yi masa algus, ko za a same shi mako mai zuwa. Da zarar an zo inda harshe ke hukunci, sai labari ya sauya.

Taliyar yara ita ce shaida. Indomie daga Indonesiya ta zo, aka fara yin ta a Ota a tsakiyar shekarun 1990, ta kama bakin yara da na masu shayi har sunanta ya zama sunan abincin kansa. Dangote ya shiga wannan kasuwa da nasa samfurin, da sunan da kowa ya sani, da motocin rarraba kaya da ba wanda ya kai shi. A 2017 ya sayar da masana'antun taliyar ga Dufil, wato masu yin Indomie ɗin. Kamfanin yana da nasa bayanin, cewa yana tattara ƙarfinsa ne a kan manyan harkoki, kuma ba ƙarya ba ne, don kamfanin fulawarsa ma ya sayar wa Olam a 2019. Amma da taliyar ta ƙwace teburin mai shayi, da ba a rabu da ita haka ba. Yaron da aka aika ba ruwansa da wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka. Ɗanɗanon da ya saba da shi yake nema. Na ga alamar an fahimci wannan, domin ɗunƙulen miya na rukunin Dangote ya fito ne da sunan Dan-Q, ita kuma BUA taliyarta da fulawarta sun daɗe da sunan IRS. Su Dufil kansu da za su yi man girki ba su kira shi Indomie ba, Power suka sa masa.

Ɗunƙulen miya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Maggi sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, kamfanin Nestlé ya mallaki sunan a 1947. A ƙasar Hausa ya yi nasarar da ta zame masa matsala, don yanzu kowane ɗunƙule magi ne, har farin gishirin Ajinomoto ana ce masa farin magi. Haka kowane garin wanki omo ne, kowane man goge baki makilin ne. Yarinya za ta tsaya a bakin kanti ta ce, "Baba, Inna ta ce a ba ni omo na ɗari," ya miƙo mata Viva da ake yi a nan Kano, ta karɓa ta tafi, a wurinta kuma omo ta sayo. Uwar da ke son ainihin abin sai ta bi ta hoto, ta ce mai tauraro, domin a gidaje da yawa tambari ake karantawa, ba rubutu ba. Suna irin wannan ya shiga ko'ina, amma ba ya iya fita daga tukunya. Maggi zai iya kawo mai ɗanɗanon kaza ko na kifi, nan ne iyakarsa. Kamfanin Cadbury kuwa a shekarun 1990 ya biyo ta ɗaya hanyar, ya ari sunan gida ya fito da ɗunƙule mai suna Dadawa. A birni wannan na iya zama sauƙi ga ma'aikaciyar da ba ta da lokaci. A ƙauyen da ɗorawa ke bayan gida, kuma kowa ya san matar da ta fi iya dafa kalwa, daddawar kwali ba ta da abin da za ta faɗa.

Akwai kuma wani abin da masu zana tallace-tallace a Legas kan manta. Yawancin kayan da ke shiga gidan manomi ba sa shiga da sunansu. Mai kanti ya saro buhun sukari daga kasuwar Singa, ya farke shi, ya auna da gwangwani, ya ƙuƙƙulla a farar leda. Daga nan babu mikiya, babu komai, sai sukarin Malam wane. Wanda ya ga sunan shi ne mai kanti, shi ne kuma ya zaɓa, kuma abin da ya duba shi ne ƙulli nawa buhun zai fitar, da ko dilan da ke Singa zai ba shi bashi zuwa mako. Shi ma haka yake bai wa unguwa bashi har kaka. Matar da ke cin bashi a kanti ba ta cika musu a kan wane iri aka ba ta ba. Waɗanda suka gane haka su ne suka ƙanƙanta kayansu ya kai girman ƙulli. Madarar Cowbell ta shigo a 1993 cikin 'yan ƙananan ledoji, ta isa inda gwangwanin Peak bai taɓa isa ba, har sai da Peak ma ta bi sahu. Da sunan ya samu shiga gida a jikin ledarsa, sai aka ɗora masa mai cakulan da mai kofi, duk a cikin kofin shayi ɗaya. Da kamfanin zai yi kayan miya kuwa, Onga ya kira shi.

A wurin taki ne suna ke yin aiki mafi nauyi. Ɗunƙulen da bai yi daɗi ba asarar miyar dare ɗaya ce, gobe a canza. Buhun kamfa ko na yuriya kuwa sau da yawa akuya aka sayar aka saye shi, kuma ba a gane gaskiyarsa a shago. Sai an zuba, an yi ruwa, an jira mako biyu ko uku a ga ko dawa za ta yi duhu. In ba ta yi ba, damina ta riga ta yi nisa. Kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960, ya gina sunan Golden Penny a kan fulawa da semo da taliya, reshensa na Bompai kuma yana niƙa masara. Da ya shiga harkar taki sai ya riƙe rabin sunan, manoma suna cewa takin Golden. Nan akwai dacewa ta wata fuska: mai sayen hatsi yana sayar da abin da ke fitar da hatsi. Yuriya kuwa, ko ta Indorama ce ko ta Notore ko ta Dangote, sinadarin ɗaya ne, kashi 46 cikin ɗari na naitirojin. Abin da manomi ke biya a kan suna shi ne tabbacin cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki.

Nan ne kuma macuta ke shigowa. Sunan da aka fi yarda da shi shi ne buhunsa ya fi daraja bayan an juye shi. Ana tara tsofaffin buhuna, a cika su da taki mai rauni ko wanda aka gauraya da yashi, a ɗinke, a rage kilo biyu ko uku. An sa hannu a dokar kula da ingancin taki ta ƙasa a 2019, amma mai binciken gwamnati ba ya zuwa kowace kasuwar ƙauye. Shi ya sa za ka ga dattijo a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi yana juya buhu yana duba ɗinkin bakinsa, yana cusa hannu ya murza ƙwayar, sannan ya dubi mai shago ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan daga ina ka ɗauko shi?" Sunan kamfani ya kawo shi bakin shagon, amma rantsuwar mutumin da ya san gidansu ita ke sa ya ciro kuɗi.

Cunkoson yankin ma yana da nasa tasiri a nan. Inda gonaki ke manne da juna, babu gwajin da ake yi a ɓoye. Duk mai wucewa zuwa masallaci ko kasuwa yana ganin gonar da ta yi kore shar da maƙwabciyarta da ta yi rawaya, kuma kafin la'asar an san wane taki kowannensu ya zuba da shagon da ya saya. Tallar rediyo na iya sa mutum ɗaya ya gwada. Sauran ƙauyen gonarsa za su kalla.

Tara kaya da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya yana tara ƙorafi ma a wuri ɗaya. In siminti ya yi tsada, sunan da ke bakin mutane a majalisa shi ne dai wanda ke jikin gishirinsu. Tun da matatar mai ta Lekki ta fara sayar da fetur a 2024, farashin litar da ɗan acaɓa ke saya ya shiga cikin lissafin. Manomi kuma ba mai saye ba ne kawai, mai sayarwa ne. Kamfanin tumatirin Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 don ya riƙa ɗaukar tan 1,200 a rana ya tsaya ba da jimawa ba, a shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, daga baya ma ya yi ta buɗewa yana rufewa saboda ƙarancin tumatir da rashin daidaito a kan farashi. Kadawa tana kudu da birni, amma masu noman rani a Watari da Tomas sun ji labarin, kuma da shi suke auna duk wani alkawarin kamfani na cewa ku noma za mu saya.

Saɓanin haka, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda wayoyinsa suka cika aljihun mutanen karkara, ya raba ƙafa. Maimakon suna ɗaya ya yi uku: itel ga mai ƙaramin ƙarfi, Tecno a tsakiya, Infinix ga samari masu son hoto, ya kuma ware Oraimo don caja da abin sauraro. Da yawa daga masu gardama a kan wadda ta fi ba su san gida ɗaya suka fito ba, in ɗaya ta ba da haushi sai a koma wa 'yar'uwarta. Amma a cikin ukun, itel ce ya ɗora wa fanka da fitila da kayan sola. Abin da aka san ƙaramar wayar da shi a ƙauyen da ba wuta shi ne riƙe caji kwana da kwanaki, fanka mai caji da fitila kuma alkawarin da suke yi ke nan. Masu hukunci a kan wannan su ne mai shagon caji da mai gyaran waya na bakin tasha, waɗanda batura ke ratsa hannunsu kullum, su ake tambaya kafin a saya, kuma kamfanin bai ɗauki ko ɗayansu aiki ba.